Baro: Tashar Jiragen Ruwa da Ke Jiran Hanya

Baro ƙaramin gari ne na Nufawa a ƙaramar hukumar Agaie ta Jihar Neja, zaune a gaɓar Kogin Kwara, a gindin wani tsauni. Mazauninsa ne ya ɗaukaka shi tun farko. Turawan mulkin mallaka sun ga cewa jiragen ruwa na iya hawowa daga teku har zuwa nan, don haka suka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a 1907, ya isa Kano a 1911. Garin ya zama mahaɗa: kayan da jirgin ƙasa ya sauko da su daga Arewa, a nan ake loda su cikin jirgin ruwa.

Wannan tagomashi bai daɗe ba. Da layin Legas ya haɗu da na Kano, aka kuma kammala gadar Jebba a 1916, sai kaya suka riƙa wucewa kai tsaye zuwa bakin teku. Kasuwa ta watse, reshen dogon da ya haɗa Baro da Minna kuma daga baya ya daina aiki.

Gwamnatoci sun yi yunƙurin farfaɗo da garin. A 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, tsawon kilomita 572. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa da ta ci kimanin naira biliyan 6. Amma an buɗe ta ne ba tare da an gama titin Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ba, kuma ba tare da an gyara dogon ba.

A nan gizo ke saƙa. Ɗan kasuwa ba zai sauke kaya inda tirela ba ta iya zuwa ba. Kogin kuma yana janyewa da rani, rairayi na sake cike inda aka yashe, muddin ba a ci gaba da aikin ba.

Saboda haka, tambayar da ta kamaci matasan yankin su yi wa wakilansu ita ce: nawa aka ware wa titin da yashe kogin a kasafin bana, nawa aka saki, kuma wa ke riƙe da kwangilar? Amsarta ce za ta nuna ko manomin shinkafa na Katcha zai taɓa cin moriyar tashar.