"Maganin likita ya mayar da shi gunki": kafin mu zubar da ƙwayoyin, mu tsaya mu ji

Yau za mu taɓo maganar da ake yi a cikin gida da murya ƙasa-ƙasa, wato taɓin hankali da abin da ke biyo bayan shan maganinsa.

Da wuya a samu unguwar da ba ta san irin wannan labari ba. Saurayi ya daina barci, yana magana shi kaɗai, yana cewa ana binsa, yana jin muryoyin da ba wanda ke ji. An yi ta fama, daga ƙarshe aka kai shi gidan likita. Aka yi masa allura, aka ba shi ƙwayoyi. Ya lafa. Sai kuma bayan ƴan kwanaki ko makonni jikinsa ya sandare, hannu na rawa, miyau na zuba, tafiya sai jan ƙafa, fuska kamar an ɗaure. Nan take sai ka ji wata gwaggo ta ce: "Ai ga shi nan, sun mayar mana da yaro gunki!" Sai a zubar da maganin. Kafin wani lokaci ciwo ya dawo, wa'azubillahi, har ta kai an sa masa mari a ƙafa.

Mu dai ra'ayinmu shi ne, abin da gwaggo ta gani gaskiya ne, amma hukuncin da ta yanke kuskure ne. Kuma laifin ba nata ba ne ita kaɗai, don ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani.

Ga bayanin a taƙaice. Ƙwaƙwalwa cike take da ƙwayoyin jijiya, kuma tsakanin wannan da waccan akwai ɗan rata. Saƙo ba ya tsallaka ratar sai da ɗan aike, wato wani sinadari da ƙwayar farko ke fesawa, ta biyu ta karɓa. Ƴan aiken suna da yawa, ɗaya daga cikinsu shi ne dofamin. Shi dofamin yana da hanyoyi fiye da ɗaya. Wata hanyar ita ke sa motsi ya zo da sauƙi: ka miƙe, ka taka, ka kai loma baki ba tare da ka yi tunani ba. Wata hanyar kuma ita ke nuna wa mutum abin da ya kamata ya mai da hankali a kai. In aikin dofamin ya wuce kima a wannan hanya ta biyu, sai komai ya zama alama: tarin maƙwabci ya zama da shi ake, mai labarai a rediyo ya zama da shi yake magana.

In kuma dofamin ya yi ƙaranci a hanyar motsi, sai a samu cutar makyarkyata da ake kira Parkinson, sunan likitan birnin Landan da ya bayyana ta a 1817. Duk wanda ya ga ɗan dambe Muhammad Ali yana kunna wutar wasannin Olamfik a Atlanta a 1996, hannunsa na karkarwa, to ya ga cutar da idonsa. A 1957 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Arvid Carlsson, ya ba zomaye maganin da ke ƙarar da dofamin, suka kwanta ba motsi. Da ya ba su levodopa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa ya koma dofamin, sai suka tashi suka ci gaba da harkarsu. Wannan aiki ne ya kai shi ga kyautar Nobel a 2000, kuma har gobe levodopa ne babban maganin Parkinson.

To yanzu mu haɗa biyu da biyu. Maganin da muka fi sani da Largactil, a Faris aka fara ba masu taɓin hankali shi a 1952. Haldol kuwa a Beljiyam aka haɗa shi a 1958. Dukkansu aikinsu ɗaya ne: toshe ƙofofin da dofamin ke ƙwanƙwasawa. Matsalar ita ce magani bai san unguwa ba. Kamar a rage ruwa ne daga babban bututu: gidan da ruwa ya yi wa yawa ya huta, gidan da ba ruwansa ya shiga ƙishi. Muryoyi sun yi shiru, amma hanyar motsi ta rasa rabonta, sai mutum ya yi kama da mai Parkinson. Haka nan tsohon da ke shan levodopa, in ya yi masa yawa, yana iya fara ganin mutanen da babu su a ɗaki. Sikeli ɗaya ne, ko ta wane gefe ya rinjaya sai an gani a jiki.

Abin da ya kamata kowane gida ya sani shi ne, mafi yawan wannan sandarewa tana da gyara. Likita na iya rage yawan maganin, ko ya canza wani, ko ya ƙara wanda ke sassauta jiki, irin su Artane. Amma shi ne zai yi, ba mai tallan magani a kan tire cikin kasuwa ba. Artane ɗin ma wasu matasa sun mayar da shi abin maye, shi ya sa muke cewa a riƙa ajiye shi a hannun babba. In wuya ya murɗe, ko harshe ya fito, ko idanu suka kafe sama, a koma gidan likita a ranar. In kuwa jiki ya sandare ga zazzaɓi mai zafi da gushewar hankali, to ko cikin dare ne a tafi, don wannan na iya kisa. Iyaye mata, ku ma ku lura: maganin amai da ake kira Primpéran yana toshe dofamin, yana iya murɗe wuyan yaro har a zaci iska ce ta shige shi.

Za a ce mana, to ina addu'a, ina ruƙiyya? Ba mu hana kowa ba. Mai ciwon suga yana roƙon Allah kuma yana shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Abin da muke ƙi shi ne a ce wa marar lafiya sai ya zubar da magani kafin a yi masa addu'a, da duka, da ɗauri, da horo da yunwa. Kuma ba mu ce dofamin ne amsar kowane ruɗewa ba. Zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, sanƙarau, farfaɗiya, da shan tiramol duk suna iya birkita mutum, kowanne da nasa magani. Shi ya sa sai an duba.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 300 na fama da sikizofiriniya, wato irin ciwon saurayin da muka fara da shi. Ku ƙirga mutanen unguwarku ku gani. Ba kowa ke da kuɗin mota zuwa Yamai ko Damagaram duk wata ba, don haka muna kira ga hukumomin lafiya su ƙara horar da ma'aikatan likitocin karkara kan waɗannan cututtuka, kuma a tabbatar magungunan ba sa yankewa. Ku kuma ma'aikata, don Allah minti biyar na bayani da Hausa: "Baba, in kun ga jikinsa ya ƙage, kada ku tsorata, ku dawo mana da shi." Wannan kalma kaɗai tana iya raba wani da mari.

Mu kuma ƴan uwa, mu riƙe takardar magani, mu lura da ranar da aka fara da abin da ya canza, mu riƙa ba shi ruwa sosai lokacin zafi, mu daina kiransa mahaukaci a gaban yara. In gwaggo ta sake cewa a zubar, mu ce mata: "Gwaggo, mu koma wurin wanda ya rubuta shi tukuna."

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinya haƙuri. Amin.