Sharhi: Tsadar Tsabtace Masana'antar Nailan

Zaren nailan da ake saƙa komar masunta da darduma da igiyar cikin tayar mota, tushensa wani sinadari ne mai suna adifik asid, wanda masana'antun duniya ke sarrafa fiye da tan miliyan 3 nasa kowace shekara. Ledar zuba kaya da ake kira nailan a kasuwannin Nijeriya ba ta cikin wannan lissafi, domin ita da wata roba dabam ake yin ta.

Matsalar tana wajen sarrafawa. Tsohuwar hanya tana amfani da naitirik asid, kuma tana fitar da iskar naitoros oksaid, wadda ƙarfinta na ɗumama duniya ya ninka na iskar kabon sau kusan 270. Tun a 1991 masana biyu a Amurka, Thiemens da Trogler, suka ja hankalin duniya kan wannan ɓarna.

A 1998 Ryoji Noyori da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa ana iya maye gurbin naitirik asid da haidurojin feroksaid, wato dangin ruwan wanke ciwo mai kumfa, muddin aka sanya ɗan sinadarin ƙarfen tangistin ya ingiza aikin. Abin da ke saura ruwa ne kawai. Daga nan bincike ya karkata ga dunƙulallun ƙwayoyin tangistin da molibdinam masu haɗe da iskar oksijin, waɗanda ake iya gyara ƙirarsu, a tace su bayan aiki, a sake amfani da su.

To amma ɗan kasuwa ba da kyawun dabara yake lissafi ba. Kowace ƙwayar adifik asid tana cin ƙwayoyi 4 na feroksaid, shi kuwa da tsada yake, alhali a ƙasashe da dama sakin iska sama bai cin ko sisin kwabo. Shi ya sa har yau tsohuwar hanyar ce ke riƙe da kasuwa.

Saboda haka kuskure ne gwamnatoci su zauna jiran sabuwar hanya. Na'urorin lalata wannan iska kafin ta fita suna nan, manyan kamfanoni irin su DuPont da BASF sun girka su tun shekarun 1990. Kamata ya yi a tilasta wa kowace masana'anta amfani da su, musamman a ƙasar Sin, wadda ta fi kowa sarrafa sinadarin a yanzu.