Wa Zai Yi Alƙalancin Zane a Littattafan Yara?

Tun daga gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, har zuwa gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, alƙalami ake karramawa a adabinmu. Mai zane kuwa, in ya yi sa'a, a saƙala sunansa da ƙananan baƙaƙe a bayan bango. Alhali yaron da ke aji ɗaya bai iya haɗa baƙi da wasali ba tukuna. Hoto yake karantawa.

A Amurka an daɗe da gane haka. Tun 1938 suke ba da lambar Caldecott, kuma mai zane ake miƙa wa ita, ba marubuci ba. A 1977 Leo da Diane Dillon suka ci ta da littafin Ashanti to Zulu, wanda ya bi al'ummomin Afirka 26 bisa jerin haruffa, har Hausawa suka sami shafinsu. Ranar da aka kafa irin wannan lambar don littattafan Hausa, da wane ma'auni za a auna?

Ra'ayina shi ne, kada alƙalai su yanke hukunci sai sun kai littafin gaban yara. Dalilina wani abu ne da na gani a wata firamare da ke kusa da Mairuwa, kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau, lokacin da na je duba ɗalibanmu masu gwajin koyarwa. Wata ɗaliba ta ɗaga littafi mai sheƙi, launinsa gwanin ban sha'awa. An zana manomi tsaye cak, riƙe da wani abu mai doguwar ƙota, an rubuta a ƙasa cewa yana noma. Ta tambaya, "Me wannan mutumin yake yi?" Wani yaro ya ce, "Malama, shara yake yi." Ajin ya bushe da dariya, ita kuwa ta ce bai amsa daidai ba. Ni dai a ganina yaron ne ya yi gaskiya. Ɗan Faskari ko Sabuwa ya san a duƙe ake noma da fartanya, ya kuma san bambancin zangarniyar dawa da ta gero tun kafin ya san bambancin "ba" da "ta". Gonar da ke cikin hoton nan ba dawa ba ce, ba masara ba, wani koren abu ne kawai. Da a ofis aka yi alƙalanci, da wannan littafi ya yi na ɗaya, domin idon babba launi da takarda suke ruɗa.

Saboda haka gwajin farko shi ne a rufe rubutun da tafin hannu, a bar yaro ya ba da labarin daga hotuna. In ya iya bin sa daga bango zuwa bango, ya gane Gizo a shafi na 3 shi ne dai Gizon shafi na 11, ya karanci tsoro ko wayo a fuskarsa, to mai zane ya yi aikinsa. Gwanin ma yakan ƙara abin da marubuci bai faɗa ba, kamar Ƙoƙi tana leƙe ta bayan rumbu, yara su riga malaminsu hango ta.

Wani zai ce, ashe ke nan yaro ba zai ga komai ba sai abin ƙauyensu? A'a. A zana masa teku da jirgin ƙasa da ƙanƙarar Turai, ai don haka ake karatu. Amma wanda ya kasa zana turmin da yaro ke gani kullum, yaya yaron zai amince da tekunsa?

Sai batun kuɗi, wanda ba a cika son faɗa ba. Buga launi huɗu a takarda mai sheƙi aikin mai jari ne, ba gwanintar mai zane ba. Zanen baƙi da fari mai tsabta, wanda na bencin baya zai hango a aji mai cunkoso, ya fi mini kwalliyar da sai an kusanto ake gane ta. Ya kamata alƙali ya raba makin mai zane da na maɗaba'a.

Ku da za ku riƙe aji nan gaba kaɗan, wannan alƙalanci zai faɗo hannunku ko da gasa ko babu, duk ranar da shugaban makaranta ya zube muku littattafai biyar ya ce kuɗin guda kawai ake da su.