Tantin Biki Da Tantin Gudun Hijira

Jama'a, tun da aka fara jin ƙishin-ƙishin zaman sulhu a yammacin Katsina cikin shekarar 2025, wata magana ta shiga bakin 'yan'uwanmu ɗalibai 'yan ƙasar Batsari da Safana. Cewa suke yi lokaci ya yi da za a tara makaɗa da mawaƙa a gida, a yi kwana biyu ko uku ana shagali a fili, baƙi su zo daga jami'o'i su kafa tantuna su kwana, yadda ake gani a ƙasashen Turawa. Har wasu sun soma tambayar kuɗin tanti a kasuwa. Ni ina tare da su a kan bikin, amma ina da ja a kan tantin da kuma wurin kafa shi, kuma ina roƙon mai karatu ya yi mini haƙuri ya ji dalili.

Mu fara da tantin kansa. Abin da ya cika kasuwanninmu shi ne ɗan ƙaramin tantin nan na leda mai shafi ɗaya, wanda ake naɗewa a jefa cikin jaka. An ƙera shi ne domin ƙasashen da rana ba ta da ƙarfi, inda abin tsoro shi ne yayyafi da sanyi. Na taɓa kwana cikin irinsa a wani zangon ɗalibai cikin bazara. Kafin hantsi ya dubi ludayi cikinsa ya zama tanda, da dare kuma numfashinmu ya taru a jikin ledar yana ɗigo mana a fuska. A dare na biyu iska ta taso, sandunan suka karye, muka ƙarasa kwana a gindin bedi. Kuɗinmu ya tafi, barci kuma bai samu ba.

Ƙasar Katsina tana da yanayi uku, kowanne da irin abin da yake nema ga mai kwanan waje. Cikin Maris da Afrilu zafi yakan haura digiri 40, sai mai tanti ya nemi inuwa da mashigar iska kafin kome. Daga Yuni zuwa Satumba damina ce, hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gabansa, wadda ke tumɓuke duk abin da ba a kafe da kyau ba. Daga Disamba zuwa Janairu kuwa hunturu ne, rana da ƙura, dare da jaura mai ratsa ƙashi. In za a yi biki, bayan kaka ya fi dacewa, an gama girbi, ruwa ya ɗauke, ga kara da zana a wadace. Wanda ya zaɓi wannan lokaci ya rage rabin wahalarsa tun bai sayi kome ba.

To, wane iri za a saya? A ganina tanti mai rufi biyu, na ciki mai raga kamar gidan sauro, na waje kuma mai tsare ruwa da rana, da tazara tsakaninsu domin iska ta ratsa. In da hali, na yadi mai kauri irin na soja ya fi, domin yana numfashi, kuma in ya yage kowane tela ko baduku zai ɗinke shi. A duba ɗinki, a duba zif, domin ƙurar hunturu ita ce ajalin zif. Siraran turakun da ake haɗo tanti da su ba su riƙe rairayi, ba su kuma huda marmara, alhali ƙasar Batsari ga yashi ga duwatsu. A kai wa maƙeri guntayen rodi ya lanƙwasa kawunansu, a haɗa da guduma da igiya mai kyau. In ɗan kasuwa ya ce tantin na mutum huɗu ne, a ƙidaya uku, domin bai lissafa da jaka da buta da wurin salla ba.

Sauran kaya ba su da yawa. Tabarma ta kaba ta fi katifar da ake hura wa iska, domin ƙaya ɗaya ta aduwa ta isa ta kashe katifar. A riƙe bargo, da fitila mai cajin hasken rana, da jarkar ruwa, da gishiri da sukari na haɗa ruwan zawo, da gidan sauro ga wanda tantinsa ba shi da raga. Da safe a kakkaɓe takalmi kafin a sa ƙafa, saboda kunama tana son ɗumi. Masu shirya biki kuma su haƙa masai nesa da rijiya tun kafin baƙon farko ya iso, domin taron da bai tanadi wannan ba yakan watse da cuta.

Akwai abu guda da ba a wasa da shi, wato wuta. Tantin leda kamawa yake yi cikin ƙiftawar ido, ya narke a jikin mutum. Iyayenmu da suka yi aikin Hajji a 1997 ba su manta gobarar Mina ba, wadda ta tashi cikin tantunan alhazai ta halaka mutum fiye da 300. Bayan wannan ne hukumomin Saudiyya suka sauya tantunan da wasu na musamman waɗanda wuta ba ta ci. Kada a dafa abinci cikin tanti, kada kuma sanyi ya sa a shigar da kaskon gawayi a rufe ƙofa, domin iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. A bar fili tsakanin tanti da tanti, a ajiye bokitin yashi kusa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke neman wannan ilmi wurin Turawa, alhali yana ƙofar gidanmu. Fulanin da suka yi kiwo a gefen dajin Rugu shekara da shekaru sun san yadda ake tanƙwara tsumagu a rufe da ciyawa, bukka ta tsaya cikin yini guda, su kuma juya ƙofarta yamma domin kada ruwan gabas ya shiga. Manomanmu sun san rumfar zana, wadda ke tare rana ta bar iska. A Ingal ta ƙasar Nijar, inda Buzaye da Bororo ke taruwa duk Satumba domin shan gishirin dabbobi da raye-raye, dubban mutane ke kwana cikin tantunan fata da na tabarmi waɗanda matansu suka haɗa da hannu. Saboda haka shawarata ita ce a raba aiki. Inuwar yini da dandalin makaɗa a ba masu zana da kara na ƙauyukan nan su yi, kuɗin ya zauna a hannunsu. Tantin kanti a bar shi ga barcin dare kaɗai.

Sai maganar wuri, wadda ta fi ta tanti nauyi. Na ji masu cewa a kafa zango a bakin daji, ko a gindin duwatsun Ruma, garin Ɗanwaire, domin hoto ya yi kyau. Haba 'yan'uwa! Ba mu manta da watan Fabrairu na 2020 ba, lokacin da aka afka wa Tsauwa da Ɗankar a ƙasar Batsari aka kashe mutum wajen 30. Ba mu manta da Disamba na wannan shekara ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. A 2021 har layukan waya aka rufe a waɗannan ƙananan hukumomi. An yi sulhu a 2019 zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, bai ɗore ba. Bahaushe ya ce in an ciza a busa, amma kuma ya ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ko a ƙasar Mali, shahararren bikin waƙa na hamada da aka riƙa yi a Esakan, sai da rashin tsaro ya sa aka dawo da shi gefen Tumbuktu a 2010, daga 2012 kuma bai sake zama a can ba. Tanti yana tare raɓa, ba ya tare harsashi. Bikin farko a yi shi cikin gari, a filin makaranta ko na wasa mai katanga, da yardar Sarkin Ruma a Batsari ko Yariman Katsina a Safana, da sanin jami'an tsaro, a tashi daga kiɗa da wuri. Ranar da manomi ya kwana a gonarsa ba fargaba, ran nan mu ma sai mu fita daji.

Na san akwai masu cewa kiɗa a ƙasar da aka yi ta zaman makoki rashin kunya ne. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma ba zan raina ta ba. Amsata ita ce ya danganta da wanda aka yi bikin dominsa. In 'yan boko ne za su zo da motoci su yi rawa su ɗauki hoto su koma, masu sukar sun yi gaskiya. In kuwa makaɗan noma da na maƙera da masu sarewar Fulani ne za su zauna a dandali ɗaya, Bahaushe da Bafillace su ci kasuwa tare bayan shekarun zargin juna, to wannan taro wani yanki ne na gyaran da ake nema. Ƙasar da ta haifi Mamman Shata ba za ta warke da shiru ba. Sai dai a kiyaye lokutan salla, a ware wa mata zangonsu da masu gadinsu, kada a ba iyaye dalilin da-na-sani.

A nan ne nake son mu bambanta da waɗanda muke kwaikwayo. A Ingila, bayan an tashi daga manyan bukukuwan waƙa, akan tarar da dubban tantuna an watsar a fili, domin masu su sun saye su da arha ne don kwana uku, yawancinsu kuma juji suke ƙarewa. Mu ba mu da wannan gata. Tun daga 2019 mutanen ƙauyukan Batsari sun kwana cikin azuzuwan firamare da kangaye, wasu 'yan'uwanmu na Katsina da Zamfara da Sakkwato kuma sun tsallaka jihar Maraɗi, aka zaunar da su a wurare irin su Garin Kaka da Cadakori. Waɗannan sun san tanti sanin da mu ba mu yi masa ba. Wanda zai kwana a tanti don nishaɗi a gabansu, wajibi ne ya yi tunanin inda tantin zai kwana bayan biki.

Saboda haka ga abin da nake kawo wa majalisar ƙungiyarmu. Maimakon kowa ya sayi nasa na leda, a haɗa kuɗi a sayi kaɗan masu ƙarko da sunan ƙungiya, a rubuta su a littafi, a ɗora wa mutum ɗaya alhakinsu. Mai son kwana ya biya haya. In an tashi, a shanya su su bushe, a ajiye su a garin da aka yi bikin, hannun amintattun dattawa, da sharaɗin duk ranar da gobara ko ambaliya ko hari ya raba wani da ɗakinsa, a fito da su ba tare da jiran takarda ba. 'Yan'uwanmu ƙananan ma'aikata da suka soma karɓar albashi, ga inda gudummawarku za ta yi amfani sau biyu.

Shawara dai ɗaukar ɗaki ce, sai an taru. Wanda yake da ja, shafin nan a buɗe yake gare shi a fitowa ta gaba. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da kowa ɗakinsa, amin.