Kishin ƙasa da iyakar da ya tarar

Manomin Tama da ke kai wake kasuwar Buza ɗan Nijar ne, ba ya shakka a kan haka. Amma kakan kakansa bai san wannan suna ba. Shi Ba'adare ne, ya san Kel Geres, ya san hanyar Sakkwato.

A shekara ta 1898 Faransa da Ingila suka yi yarjejeniya, aka bar ma Ingila ƙasar da ke cikin mil 100 kewaye da Sakkwato, har da Ƙonni da Madawa. Sai Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Isa zuwa Damagaram. A 1904 aka ja iyakar kudu. Neman ruwan ayari, ke nan, ya sa wannan yanki cikin Nijar.

Kishin ƙasa ya tarar da iyakar a shace, bai nemi rushe ta ba, ya nemi mulkin abin da ke cikinta. A nan ne hanya ta rabu biyu. Ranar 28 ga Satumba 1958 Janar De Gaulle ya tambayi ƙasashen da Faransa ke mulka ko za su zauna cikin tarayya da ita. Jibo Bakari, shugaban Sawaba, wanda gwamnati ke hannunsa, ya ce a'a, a ba da ƴancin kai nan take. Jam'iyyar PPN-RDA ta Diori Hamani, da yawancin sarakuna, da gwamna Colombani, suka tsaya ma i. Aka ba i kashi 78 cikin 100, ko da yake mafi yawan masu rajista ba su jefa ƙuri'a ba. A 1959 aka haramta Sawaba. Da ƴanci ya zo ranar 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ta karɓe shi, ta riƙe shi shekara 14. Kowane ɓangare ya kira kansa mai kishin ƙasa, amma wanda ya ci ne ya samu damar kiran ɗan'uwansa maci amana, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe cikin siyasarmu.

Bayan juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kunce ya rushe jam'iyya, ya tada samariya. A ƙauyukan Adar kishin ƙasa ya koma aikin gayya: gina aji, dasa itace, jera duwatsu a gangare, musamman da aikin raya ƙasa na Keita ya fara a 1984.

Tambayar 1958 ba ta mutu ba. A Disamba 2023 sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Saura a ga ranar da mutumin Tama zai karɓi takardar haihuwar ɗansa a ma'aikatar magajin gari, ya karanta ta da kansa.