Man Agadem: wa zai matse tunkuzar?

 Duk ranar da muka buɗe layin talho kan batun esansi, tambaya guda ce: litar nawa? Ban ga laifinku ba. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 ruwa-ruwan Ɗan Issa ya yi tsada, a Maris 2025 kuma mun ga ƴan kabu-kabu sun wuni layi a gidajen mai. Amma akwai tambayar da ba mu yi.

Rijiyar mai ba randa ba ce da za a kwalfe. Man yana maƙale cikin ƙofofin dutse, kuma haƙar da aka saba, ko'ina a duniya, wajen kashi ɗaya cikin uku take fiddawa. Sauran biyun suna ƙasa. Ku tambayi iyayenmu mata masu ƙuli-ƙuli: sai an yayyafa ma niƙaƙƙiyar gyaɗa ruwan zafi, an yi ta juyi, kafin mai ya taso. Masu haƙa ma haka suke, su tura ruwa, gas ko tururi ya koro abin da ya rage. A Daqing ta ƙasar Sin har ruwan suke sa ma sinadari ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa, ya sharo man.

To, wa ke da Daqing? CNPC. Wa ke haƙa a Agadem? CNPC. Ke nan dabarar tana hannu.

Tun 2011 matatar SORAZ ke aiki, an tsara mata ganga 20,000 a rana, bututun Benin kuma an tsara mashi 90,000. Zuƙa da gaggawa na iya karya ƙarfin rijiya, ruwa ya riga mai fitowa, sauran ya kulle. Mai yarjejeniyar wa'adi kuwa gangar sauƙi ce ribarshi. Ban ce an yi ɓarna ba, na ce a faɗa muna.

Wani zai ce aikin da tsada, kai ɗan rediyo mi ka sani? Na ji. Sai ma'aikatar man fetur ta fito da lissafi: kashi nawa cikin ɗari aka tsara fiddawa daga Agadem, kuma wa zai biya kuɗin matse sauran? Makirona a buɗe yake, su zo su yi bayani da Hausa.