Wasiƙa ga masu ɗibar samfurin ƙasa a tsofaffin gidajen mai



Maganata a kan filayen nan ce da aka taɓa sayar da mai, aka rushe, yanzu ake yanka su fuloti-fuloti. Takardar da kuka sa wa hannu ita magidanci zai dogara da ita ya haƙa rijiya, iyalinsa su sha.

Don Allah kada ku tsaya a ƙasar sama, wadda rana da iska suka riga suka busar. Yoyo daga gindin tanki yake, da mahaɗar bututu, da ƙarƙashin famfo, da bakin da tanka ke juye mai. In babu zanen wurin, ku nemi tsohon ma'aikaci ko maigadi, ya fi kowa sanin inda tankunan suka kwanta. Ku haƙa ku wuce gindin tanki har ƙasa ta fara damshi. Fetur ba ya nutsewa, a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa yake kwanciya. Damina ta ɗaga shi, rani ya sauke shi, duk inda ya bi ya bar shafe. Nan ne wurin ɗiba.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya. Sinadarin benzin da ke cikin fetur, mai haddasa sankarar jini, saurin bin iska gare shi. Wanda ya ƙulle ƙasa a leda ya jefa bayan mota cikin zafin Afrilu, ya zubar da shaida kafin ya isa ɗakin gwaji, sakamako kuma ya fito fes. Kwalbar gilashi za ku cika maƙil, ku rufe nan take, ku sa a cikin kula mai ƙanƙara, sanyi ya tsaya wajen digiri 4. Ba a gauraya ƙasar ramuka daban-daban, kuma a wanke abin haƙa kafin a shiga wani rami.

Gidan da ya yi ciniki a shekarun 1980 da 1990 ya sayar da fetur mai dalma, ita kuwa ba ta ruɓewa. Ku sa a gwada ta.

A 2011, rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni ya samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ya ninka ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, mutane kuwa suna sha. Saboda haka ku leƙa rijiyoyin maƙwabta, ku ɗebi ruwansu.

In mai fili ya matsa ku rage ramuka don sauƙin kuɗi, ku rubuta a rahoto ƙarara wuraren da ba ku haƙa ba, sannan ku sa hannu.

Wassalam.